Tiyon lambu da injin tura ƙwayoyin zarra

Daga rikodin ɗin wayata na kwafo wannan, laccar wani malamin kimiyya ce a nan Katsina, inda hayaniya ta yi yawa na tsallake.

To ɗalibai, injin tura ƙwayoyin zarra ɗin nan na CERN, cibiyar binciken kimiyya ta Turai da ke kusa da Jeniba, kewayensa kilomita 27 ne. A irin waɗannan injuna ƙarfen da ake tura ƙwayoyi a ciki yana da iyaka, wuta na yin yawa sai tartsatsi. A 1979 masana kimiyya Tajima da Dawson suka ce a koma filasma, wato iskar gas da aka fizge wa ilaktiron. Ka harba leza ko dunƙulen ƙwayoyi a ciki, ya bar igiya a baya kamar jirgin ruwa mai inji a dam ɗin Zobe, ilaktiron su hau igiyar ta tura su. A 2007 a cibiyar bincike ta SLAC a Amurka wasu ilaktiron sun ninka ƙarfinsu cikin santimita 85 kacal, aikin da tsohon injin sai ya ci kilomita 3.

Amma fa akwai rigima. Kun taɓa ganin tiyo a lambun Ajiwa an tada inji ba wanda ya riƙe bakin? Haka dunƙulen yake yi, wutsiyarsa ta ɗan kauce daga tsakiya, filasma ta karkata ta bi ta, karkatar ta ƙara ingiza wutsiyar, kamar yaro a lilo ana tura shi daidai lokacin da ya dawo, kafin ka ce kwabo dunƙulen ya watse.

Maganin ni ya fi burge ni wallahi. Ba ɗaure shi ake ba, ɓata masa kiɗa ake. In kan dunƙulen da wutsiyarsa ƙarfinsu ya bambanta, kowa na lilo da nasa saurin, turin ba ya haɗuwa. Ko ayon ɗin filasmar, wato zarrar da aka fizge wa ilaktiron, in suka ɗan motsa haka suke ɓata masa kiɗan.

Su kuma 'yan gwajin AWAKE a CERN, dunƙulen furoton ɗinsu, wato ƙwayoyin tsakiyar zarra, ya yi tsawo, filasma ke daddatsa shi da kanta, wannan ma rikici ne in aka bar shi, don kowane harbi da inda yake farowa. Sai suka haɗa shi da leza cikin tururin ƙarfen rubidiyam, lezar ce ke cewa ga inda za a fara datsawa. A 2018 suka kai ƙarfin ilaktiron zuwa ilaktiron-bolt biliyan 2, wato ma'aunin ƙarfin ƙwayoyi, cikin mita 10.

Nan wani ya ɗaga hannu, sai aka kira la'asar.