Sharhi: Ba'al, gunkin ruwan sama da Annabi Ilyasu ya ƙalubalanta

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da wannan lokaci.

Duk wanda ya taɓa zaman tafsiri har aka kai Suratus Saffat ya ji sunan nan. A aya ta 125, Annabi Ilyasu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, yana tambayar mutanensa: ashe Ba'al kuke kira, kuna barin Mafi kyawun masu halitta? Mai jan baƙi ya ja, malam ya ce wani gunki ne, sai a wuce. 'Yan'uwanmu Kirista su ma suna cin karo da sunan a wurare da yawa cikin Tsohon Alkawari. Amma wane ne Ba'al ɗin, kuma me ya sa al'umma guda ta riƙe shi har sai da aka aiko mata da annabi? A kan wannan sharhinmu na yau zai tsaya.

Har zuwa farkon ƙarni na 20, kusan duk abin da duniya ta sani game da Ba'al daga bakin waɗanda suka yaƙe shi aka ji. A shekarar 1928 wani manomi yana huɗa a gaɓar tekun Siriya, arewa da birnin Latakiya, sai garmarsa ta bugi wani falalen dutse. Da aka ɗaga, sai ga tsohon kabari. Siriya tana hannun Faransa a lokacin, don haka a 1929 wani masanin tonon kayan tarihi Bafaranshe, Claude Schaeffer, ya fara haƙa a tudun da ake kira Ras Shamra. Abin da ya tono shi ne birnin Ugarit, babbar tashar jiragen ruwa da aka ƙone wajen shekara 1,200 kafin haihuwar Annabi Isa. A cikin kangon aka samu allunan yumɓu masu rubutu da haruffa 30, kuma kafin ƙarshen 1930 masana sun gano yadda ake karanta su. Harshen ɗan'uwan Larabci da Ibrananci ne. Bahaushe ya ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, to a karon farko aka ji labarin Ba'al daga bakin masu bauta masa.

A wurinsu Ba'al laƙabi ne, ma'anarsa ubangida ko mamallaki, ainihin sunansa Hadad. Ba shi ne babba ba a cikin abubuwan bautarsu. Babban shi ne El, wanda suke siffantawa da dattijo mai furfura, da matarsa Ashera da suke cewa ta haifi 'ya'ya 70. Sai dai dattijon yana nesa, Ba'al kuwa shi suka jingina wa hadari da tsawa da ruwan sama. Suna kiransa mahayin gizagizai, suna cewa fadarsa tana kan dutsen Safon, wanda yau ake kira Jabalul Aƙra a kan iyakar Siriya da Turkiyya. A 1932 aka tono wani sassaƙen dutse da ke gidan tarihi na Louvre a Paris yanzu: Ba'al ya ɗaga kulki da hannun dama, hannun hagu riƙe da mashi wanda samansa ya yi tsiro kamar itace.

Wanda bai san ƙasar Kan'ana ba, wato yankin Falasɗinu da Labanon da gaɓar Siriya, zai yi mamakin wannan girmamawa. Masar tana da kogin Nilu, Iraƙi tana da Dijla da Furat, manomansu ban ruwa suke yi. Mutumin tsaunukan Kan'ana kuwa sama yake kallo. Ruwa yana sauka daga wajen Oktoba zuwa Afrilu, sannan ya ɗauke ƙaf har tsawon watanni biyar. Idan ruwan farko ya yi jinkiri, ko na ƙarshe ya ƙi zuwa, shekarar ta tafi da alkama da sha'ir. Manominmu da ya zuba iri, ya yi mako uku yana duban gabas hadari bai haɗu ba, ya san irin wannan zullumi ba sai an yi masa bayani ba.

Tatsuniyar da aka samu a alluna shida, da hannun wani magatakarda mai suna Ilimilku, zullumin nan ne aka mayar labari. Da farko Ba'al ya kara da Yam, wato teku, ya buge shi da kulki biyu da maƙerin alloli ya ƙera masa. Aka gina masa fada da itacen al'ul da azurfa da zinariya. Ya ƙi yarda a yi mata taga, daga baya ya amince, kuma ta tagar nan yake sako tsawa. Sai Mot, wato mutuwa, ya haɗiye shi, ƙasa ta bushe. 'Yar'uwarsa Anat ta kama Mot ta sare shi, ta sheƙe shi, ta ƙona, ta niƙa, ta watsa a fili, kamar yadda ake yi wa hatsi. El ya yi mafarki sama tana zubo mai, rafuka suna gudu da zuma, ya gane Ba'al ya dawo. A shekara ta bakwai Mot ya sake tasowa. Masana da yawa suna ganin zagayowar damina da rani ce, da farin da kan faɗo bayan 'yan shekaru. Abin da ya fi jan hankalina shi ne, ko a bakin masoyansa wannan abin bauta yana mutuwa, sai wata ta je ta ɗauko gawarsa.

Da wannan a zuciya, mu koma kan Annabi Ilyasu. A ƙarni na 9 kafin haihuwar Annabi Isa, Ahab yana sarautar arewacin Isra'ila. Mutum ne da tarihi ya tabbatar, domin sunansa ya fito a rubutun Assuriyawa game da yaƙin Ƙarƙar na shekarar 853. Ya auri Yezebel, 'yar sarkin Sidoniyawa, mutanen birnin Sidon na Labanon, ya gina wa Ba'al ɗakin bauta a Samariya. Littafin Sarakuna na Farko, a Tsohon Alkawari, ya ce Iliya, kamar yadda Kirista ke kiransa, ya tsaya gaban sarki ya ce ba raɓa ba ruwa sai ya yi magana. Ku duba inda aka nufa. Annoba ko yaƙi ma za su iya zama horo, amma fari aka saukar, wato a daidai abin da suke cewa Ba'al ne ke da iko da shi. A shekara ta uku aka taru a dutsen Karmel. Bokayen Ba'al 450 suka yi ta kira tun safe, suna tsalle, suna tsaga jikinsu da wuƙaƙe, babu amsa. Iliya ya jera duwatsu 12, ya sa aka jiƙe hadayarsa sharkaf, ya yi addu'a, wuta ta sauko. Bayan nan wani ɗan girgije kamar tafin hannu ya taso daga teku, aka kece da ruwa.

Alƙur'ani bai kawo wannan dalla-dalla ba. Ya kawo kiran da Annabi Ilyasu ya yi, ya ce sun ƙaryata shi, ban da bayin Allah waɗanda aka tsarkake. Ibn Kasir kuma ya kawo ruwayar da ke cewa gunkin na mutanen birnin Ba'alabak ne, a Labanon ta yau.

A fahimtata, mutanen nan ba su ce babu Allah ba. Sun riƙe Shi don yaƙi da manyan al'amura, suka riƙe Ba'al don gona. Shi ya sa tambayar da aka yi musu a Karmel ita ce, har yaushe za ku yi ta ɗingishi tsakanin ra'ayi biyu? Taura biyu ba ta taunuwa. Kimanin shekara ɗari bayan haka, littafin Hosiya yana kuka da abu ɗaya: al'umma ba ta san wanda ya ba ta hatsi da mai ba, ta kwashe ta kai wa Ba'al. Ga sarki Yehu ya riga ya rushe ɗakin bautar Samariya ya karkashe masu hidimarsa, amma bautar ba ta bar ƙauyuka ba, domin takobi bai cire wa manomi tsoron fari ba.

Abin da ya kashe Ba'al a ƙarshe ya ɗauki ƙarnuka, kuma ta hanya biyu aka bi. Ta farko, aka ƙwace siffofinsa aka mayar wa Mai su. Zabura ta 104 ta ce Ubangiji ne Ya mai da gizagizai karusarSa, ta 29 kuma tana jin muryarSa cikin tsawa bisa ruwaye. Ta biyu, aka mai da sunan abin kunya. Sarki Saul, wanda Musulmi suka sani da Ɗalutu, yana da ɗa mai suna Eshba'al a littafin Tarihi na Tsohon Alkawari, amma a littafin Sama'ila an rubuta Ishboshet, wato mutumin kunya. A Ugarit ana yi wa Ba'al kirari da zabul, ma'ana yarima. A littafin Sarakuna na Biyu kuwa gunkin birnin Ekron ya zama Ba'alzabub, ubangidan ƙudaje, kuma masana da dama suna ganin da gangan aka karkatar da kirarin. Kafin zamanin Annabi Isa sunan ya gama faɗuwa, domin a Linjila masu adawa da shi sun zarge shi da cewa da ikon Ba'alzabul, sarkin aljanu, yake fitar da aljanu. Daga nan Turawan tsakiyar zamani suka gaje shi a matsayin ɗaya daga manyan shaiɗanu, har ya shiga littattafan matsafansu.

A yamma labarin ya bi wata hanya. Fatake daga birnin Taya na Labanon suka kafa Kartaj a ƙasar da yau ake kira Tunisiya, suka zo da Ba'al Hammon. Hannibal, janar ɗin da ya ƙetara tsaunukan Alps da giwaye a shekarar 218 kafin haihuwar Annabi Isa, sunansa na nufin tagomashin Ba'al. A nan ne kuma ɓangare mafi muni yake. Daga 1921 aka riƙa tono tuluna dubbai ɗauke da ƙonannun ƙasusuwan jarirai da na 'yan raguna. Marubutan Girka da Rum sun ce hadaya ce, littafin Irmiya ma ya zargi mutanen Yahuza da ƙona 'ya'yansu don Ba'al. Wasu masana na zamani suna cewa maƙabartar jarirai ce kawai, wasu suna nuna duwatsun bakance da aka kafa a kan tulunan su ce hadaya ce. Rumawa sun rushe Kartaj a shekarar 146 kafin haihuwar Annabi Isa, amma bautar ta ci gaba a Arewacin Afirka da sunan Saturn, wani gunkin Rumawa. Ba'alabak kuwa tana nan a kwarin Biƙa na Labanon da sunanta, da ginshiƙai shida da suka rage na katafaren ɗakin bautar da Rumawa suka gina wa babban gunkinsu Jupiter.

Almajiran fiƙihu ma sun riƙe wani saura ba tare da an lura ba. A Muwaɗɗa ta Imam Malik, babin zakkar amfanin gona, hadisi ya ce abin da sama da idanun ruwa suka shayar, da ba'al, ɗaya bisa goma ne, wanda aka wahala wajen ban ruwa kuma rabin haka. Ba'al a nan shuka ce da ke rayuwa ba tare da an ɗebo mata ruwa ba, kuma har yau manoman Sham suna kiran noman damina ba'ali. Kalmar ta rayu, gunkin ya mutu, babu mai faɗarta yana tuna shi.

Wannan ya kawo ni ga abin da ke damuna. Yau a shafukan sada zumunta, da an ga mutum-mutumin bijimi sai a ce ga masu bautar Ba'al sun fito. An yi haka a 2022 lokacin buɗe wasannin ƙasashe renon Ingila a Birmingham, alhali bijimin alamar birnin ce da ta samo asali daga tsohuwar kasuwarsa. Irin wannan yaɗa tsoro yana ba mataccen gunki girman da annabawa suka ƙwace masa, yana kuma ɗauke hankali daga ainihin abin da aka yi wa mutanen Ilyasu faɗa a kai, wato raba dogaro gida biyu saboda abinci.

Mafi muni shi ne abin da ya faru a Tadmur ta ƙasar Siriya, wadda Turawa ke kira Palmyra, a watan Agustan 2015. Mayaƙan ISIS suka fille kan Khalid al-As'ad, dattijo mai shekara sama da 80 da ya shafe kusan shekara 40 yana kula da kayan tarihin garin. Kwanaki kaɗan bayan haka suka tarwatsa ɗakin bautar Ba'alshamin, wato Ba'al na sammai, da nakiya, sannan na Bel, babban gunkin garin. Sun ce gumaka suke yaƙa. To amma an fi shekara 1,500 babu mai yin sujada ga Ba'al a wurin. Musulmi sun mallaki Tadmur tun zamanin Khalid bin Walid, dauloli suka zo suka wuce, gine-ginen suna tsaye, har an yi masallaci a cikin ɗakin Bel na tsawon ƙarnuka. Alƙur'ani ya ce a yi tafiya a bayan ƙasa a duba yadda ƙarshen waɗanda suka gabata ya kasance, kuma ba a duba abin da aka mayar ƙura. Waɗannan mutane shaida suka rusa, suka kashe tsohon da ke tsaronta.

Wata tawagar Suwizalan ƙarƙashin Paul Collart ta yi tono a ɗakin Ba'alshamin daga 1954 zuwa 1956, ta ɗauki hotuna, ta auna bango da ginshiƙai. Takardun suna jami'ar Lausanne, kuma da su ne aka sake zana ginin a kwamfuta bayan rushewarsa. Wanda ke son ganin yadda yake kafin a rushe shi, a nan zai gan shi yau.

Sai mun haɗu a shiri na gaba, a huta lafiya.