Jawabin Maraba Ga Babban Baƙonmu, Tsohon Hafsan Sojan Sama, A Kawo Kaduna

Assalamu alaikum. Mai unguwa, malamai, iyayenmu mata, 'yan uwana tsofaffin sojoji, ina gaishe ku. Ranka ya daɗe babban baƙonmu, lale marhabin, sannu da zuwa Kawo.

Ka yi mana afuwa, Janar za mu ci gaba da kiranka. Mun san a sojan sama sunan muƙamin daban ne, amma daidai yake da Manjo Janar, kuma bakin tsohon soja ya riga ya saba.

Ni dai a Depot na Zariya na fara ganinka, barikin Chindit, kai a aske ƙwal, takalmi ya yi maka yawa, saje yana ta daka mana tsawa a filin fareti. Kurtu kake, kurtu nake. Dare ya yi mu yi ta minshari, kai kuwa ka kunna aci-bal-bal ka duƙufa kan littafi, har muna yi maka tsiya wai Malam ya ɓata hanya ya faɗo soja. Da wannan karatun ka shiga NDA, makarantar horon hafsoshin soja, a nan Kaduna, ka fito da anini a kafaɗa, ka koma koyon tuƙin jirgi a sansanin da ke bayanmu. Ni na ƙare da igiya uku, alhamdu lillahi.

Yara kan yi mamaki wai sojan ƙasa ya koma na sama. To ai ita kanta rundunar haka ta taso. A 1964 aka yi dokar kafa ta, Jamusawa suka fara riƙe ta ƙarƙashin Kanar Gerhard Kahtz, kuma a garin nan aka yi horon farko na cikin gida. Da suka tafi a 1966, daga sojan ƙasa aka ɗauko George Kurubo ya shugabance ta. Bayansa Shittu Alao, wanda ya rasu a haɗarin jirgi a 1969, sannan Emmanuel Ikwue. Sai a 1975 aka samu wanda rundunar ta rena da kanta, John Yisa-Doko, Banufe, ya hau kujerar. Kun ga hanyar da baƙonmu ya bi ta magabata ce.

Jama'a ku dubi ƙirjinsa. Waɗancan taurari da ke jere, FSS, MSS, DSS, na daɗewa ne cikin aiki ba tare da tabo ba. Amma wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce ta ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta Afirka ta Yamma. Mu da muka kwana a ramuka a Laberiya mun san abin da ƙarar jirgin dakon kaya na C-130 take nufi: shinkafa, harsashi, wasiƙar gida, da hanyar fitar da waɗanda suka ji rauni. Wasunmu da ke zaune a nan a cikin irin jirgin aka kwaso su.

Ranka ya daɗe, ba ma rasa koke. Matan abokanmu da suka riga mu gidan gaskiya suna shan wahalar tantancewa kafin fansho ya fito, wasu takardunsu ma sun ɓace. Ka sa mana baki inda ake jin maganarka. Ga kuma samarin unguwa can a baya, tun safe suke jira su ji yadda ake shiga NDA da AFIT, makarantar fasaha ta sojan sama, ba tare da an damfari iyayensu ba.

Akwai fura da nono, uwargida ta ce kada a bar ka ka tashi sai ka sha. Allah ya ƙara lafiya, ya mai da kai gida lafiya. Bisimilla, ga abin magana.