Euskadi: tim ɗin da ta lallasa Najeriya 5-1 amma FIFA ta ce ba ta san da zamanta ba

Salamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Yau zan fara da wani abu da nasan zai ɗan sosa ran wasu. A ƙarshen watan Disamba na 1999, ana saura 'yan makonni a fara gasar cin kofin Afirka da Najeriya da Ghana suka karɓi baƙunci, 'yan ƙwallon Najeriya sun je birnin Bilbao a arewacin Sifaniya wasan sada zumunta, aka tashi 5-1. Mu aka ci biyar ɗin fa, ba mu muka ci ba. To wa ya ci mu? Ba Sifaniya ba ce, ba kuma kulob ɗin Athletic Bilbao ba ne duk da a filinsu na San Mamés aka buga. Wata tim ce mai koriyar jesi da farin gajeren wando da jar safa, wadda in ka duba jerin ƙasashen FIFA daga sama har ƙasa ba za ka ga sunanta ba. Ita ce tim ɗin yankin Bask, da yawa sun fi saninta da Euskadi.

Su dai mutanen Bask kusan miliyan 3 ne, ƙasarsu ta rabu biyu, babban ɓangare na cikin Sifaniya, ƙaramin yana kudancin Faransa, iyaka ta ratsa tsakiyarsu kamar yadda ta ratsa tsakanin Katsina da Maraɗi. Yarensu Euskara, kuma wannan yare masana sun yi bincike sun gaji ba su samo masa ɗan uwa ko ɗaya a duniya ba, shi kaɗai ne gayya. Ƙwallo kuwa ta shigo musu ne ta bakin ruwa, Turawan Ingila masu zuwa Bilbao harkar ƙarfe da jiragen ruwa su suka zo da ita, shi ya sa har gobe sunan kulob ɗin garin Athletic, ba Atlético ba.

Wasan farko na tim ɗin yankin an yi shi ranar 3 ga Janairu 1915 da Kataloniya, wani yankin na Sifaniya, suka ci 6-1, lokacin ma sunanta Norte wato Arewa, don har da 'yan Kantabriya maƙwabtansu a ciki. Da Sifaniya ta kafa tim ɗinta ta ƙasa a 1920 ta je Olamfik a Antwerp ta dawo da azurfa, yawancin 'yan wasan 'yan Bask ne, ciki har da Rafael Moreno wanda ake wa laƙabi da Pichichi. Eh, shi ɗin dai, kyautar Pichichi da ake ba wanda ya fi zura ƙwallo a La Liga, wadda Messi ya kwashe har sau 8, sunan wani ɗan Bilbao ne da ya rasu yana shekara 29.

Amma fa ainihin labarin da yasa na haɗa wannan bidiyon, na 1937 ne.

Watan Yuli 1936 yaƙin basasa ya ɓarke a Sifaniya, sojoji ƙarƙashin Janar Franco suka yi wa gwamnatin jamhuriya tawaye, lig ya tsaya cak. Yankin Bask ya samu gwamnatinsa ta cin gashin kai, shugabanta José Antonio Aguirre, wanda shi kansa tsohon ɗan wasan Athletic Bilbao ne, to kun ga mutumin da ya san darajar tamaula kenan. Ana ta luguden wuta, abinci ya yi ƙaranci, ana loda yara a jirgin ruwa ana fitar da su ƙasashen waje, jirgi ɗaya mai suna Habana ma ya kwashi yara kusan 4,000 zuwa Ingila a watan Mayun 1937. Sai gwamnatin ta ce bari a tattaro zaratan 'yan ƙwallon yankin a tura su yawon duniya, su tara kuɗin tallafa wa 'yan gudun hijira, su kuma sanar da duniya cewa akwai wata al'umma da ake kira Bask kuma tana cikin uku.

Kuma ba tarkace aka tara ba wallahi. Akwai kyaftin Luis Regueiro na Real Madrid, da gola Gregorio Blasco, da Gorostiza, da Iraragorri, da Cilaurren, da wani yaro matashi Ángel Zubieta, sai kuma dodon raga Isidro Lángara na Real Oviedo, mutumin da ya ci Pichichi sau uku a jere daga 1934 zuwa 1936, wanda ya buga wa Sifaniya wasa 12 kacal ya zura ƙwallo 17. Ku lissafa da kanku. Kocinsu Pedro Vallana.

Ƙarshen Afrilu 1937 suka buga wasan farko a Faris da Racing, zakarun Faransa na lokacin, suka ci 3-0, duka ukun Lángara ne. A daidai wannan ɗan tsakanin ne, ranar 26 ga wata, jiragen yaƙin Jamus da Italiya masu taya Franco suka yi wa garin Gernika ruwan bama-bamai, ranar kasuwa, garin da a wurin Bask tamkar cibiyar tarihinsu ne. Ka ɗan tsaya ka sa kanka a matsayinsu, ka ci wasa a baƙuwar ƙasa, mutane na tafa maka, ka koma masauki ka buɗe jarida ka ga an ƙone garinku, babu waya a aljihu da za ka kira gida ka ji ko naka sun tsira, kuma jibi akwai wani wasan dole ka ɗaura takalmi.

Daga Faransa suka wuce Cekoslobakiya da Foland, sannan Tarayyar Sobiyet, kuma suna can ne labari ya iske su cewa Bilbao ta faɗa hannun Franco ranar 19 ga Yuni. Wato gwamnatin da ta turo su ma ta zama 'yar gudun hijira. Duk da haka a Sobiyet sun buga wasa 9, suka ci 7, canjaras 1, aka ci su 1. Sun zagaya Mosko, Leningrad, Kiyef, Tibilisi da Minsk suna ta raba wa mutane kashi, Lokomotiv ta sha 5-1, Dynamo Mosko ma ta sha. Abin ya ishi hukumomi, sai da aka ƙarfafa Spartak Mosko da aron 'yan wasa daga wasu kulob kafin aka samu aka ci su 6-2, shi ma wasan da rigimar fenariti a ciki har 'yan Bask suka fice daga fili na ɗan lokaci. Rashawa da kansu sun yarda zuwan nan ya canza musu ƙwallo, don bayansa ne suka watsar da tsohon tsarin 'yan baya biyu suka koma na 'yan baya uku da Turai ke yayi.

Bayan Norwe da Denmak aka dawo Faransa, a nan aka yi ta ta ƙare. Ɓangaren Franco ya aiko cewa duk wanda ya dawo gida an yafe masa. Gorostiza da Roberto Echevarría suka koma, ni dai ba zan zage su ba, mutum da iyalinsa a can, wa ya san abin da ke ransa. Sauran suka hau jirgin ruwa sai Meziko.

Nan fa FIFA ta shigo. Hukumar ƙwallon ɓangaren Franco ta matsa lamba, FIFA ta hana mambobinta wasa da su. Suka isa Ajantina a 1938 da alƙawarin wasanni da manyan kulob, jama'a na ɗokin ganin Lángara, aka ce babu. Wata kusan uku suna zaune a Buenos Aires ba wasa, kuɗi na ƙarewa, ga gida ba komawa. Haka suka tattara suka koma Kuba, daga nan Meziko kuma, inda aka yi wata dabara da ni har yanzu take ban dariya, aka yi musu rajista a matsayin kulob, Club Deportivo Euzkadi, suka shiga lig ɗin Meziko na kakar 1938-39 suka ƙare na biyu bayan Asturias. Tim ɗin yanki guda daga Turai ta kusa zama zakaran Meziko, kai jama'a.

Yaƙi ya ƙare a 1939, Franco ya yi nasara, tim ta watse, kusan dukkansu suka zauna a can. Lángara ya tafi San Lorenzo ta Ajantina, wasansa na farko ya zura wa River Plate huɗu rigis, daga baya ya zama wanda ya fi cin ƙwallo a lig ɗin Ajantina, ya koma Meziko nan ma ya yi haka. Ƙasa uku kenan. Zubieta shi ma San Lorenzo ya je ya daɗe har ya zama kyaftin.

A gida kuwa shekara kusan 40 shiru. An hana tutar Bask mai suna ikurriña, an takura wa yaren, Athletic ma an tilasta mata zama Atlético de Bilbao daga 1941. Franco ya mutu a Nuwamba 1975, sai ga shi ranar 5 ga Disamba 1976 a wasan hamayya tsakanin Real Sociedad da Athletic, kyaftin biyu, Kortabarria da gola Iribar, suka fito fili riƙe da tutar nan tare alhali har lokacin haramtacciya ce, suka shimfiɗa ta a tsakiyar fili, 'yan sanda na kallo ba wanda ya motsa. A watan da ya biyo baya aka halatta ta. A Agusta 1979 Euskadi ta dawo, ta ci zaɓaɓɓun lig ɗin Ayalan 4-1 a San Mamés, kuɗin ƙofa kuma aka zuba a gangamin raya yaren Euskara.

Daga shekarun 1990 abin ya zama kamar al'ada, wasa ɗaya a hutun Kirsimeti. Yurugwai ta sha 5-1 a 1998, mu muka biyo baya, Maroko da Ghana suka sha 3-2 kowacce, Kamaru ce ta fanshe mu a 2005 da 1-0. Su Julen Guerrero, Mendieta, Xabi Alonso, Aduriz duk sun sa koriyar nan, har Iñaki Williams, haifaffen Bilbao da iyayensa 'yan Ghana suka ratsa Sahara kafin su kai Sifaniya, ya buga mata, tunda ba ta cikin FIFA ba abin da ya hana shi zaɓar Ghana a 2022.

Su ma fa suna da nasu rikicin cikin gida. A 2008 an yi ta cacar baki kan suna, hukuma na son Euskadi, 'yan wasa na son Euskal Herria don shi ne ya haɗa har yankin Nafarroa da ke maƙwabtaka da su da ɓangaren Faransa, sama da 'yan wasa 160 suka sa hannu ba za su buga ba, wasan da aka shirya da Iran ya rushe, sai 2010 aka dawo da sunan sulhu, Euskal Selekzioa.

To me ya hana a amince da su? A Disamba 2020 sun kai takardar neman shiga UEFA da FIFA, a 2021 aka ce a'a. Dokar yanzu tana son ƙasa mai cikakken 'yanci, ko kuma amincewar hukumar ƙasar da kake ciki, Madrid kuwa ko a mafarki. Za ku ce ai ga Sikotland da Wales, to su hukumominsu sun girmi FIFA ɗin kanta, Jibralta kuma, ɗan yankin Birtaniya da ke kudancin Sifaniya, sai da ta yi shekaru a kotun wasanni kafin ta shiga UEFA a 2013. A ganina maganar ba ta wuce siyasa da tsoro ba, in aka buɗe wa Bask gobe Kataloniya za ta ƙwanƙwasa ƙofa, sannan ku duba 'yan Bask nawa ne a tim ɗin Sifaniya da ta ɗau kofin Turai a 2024, Unai Simón a raga, Merino, Zubimendi, ƙwallaye biyun wasan ƙarshe da Ingila ma Nico Williams ne da Oyarzabal. Wa zai yarda ya saki wannan?

Ranar 15 ga Nuwamba 2025 sun gayyato tim ɗin Falasɗinu San Mamés, mutum sama da 50,000 suka cika filin da tutocin ɓangarorin biyu, kuɗin da aka tara aka ware don agajin Gaza. An tashi 3-0, Bask ce ta ci, kuma a ranar da yawansu zancen tawagar su Lángara ta 1937 suke ta yi.