Kafin ka zuba wa a-kori-kurarka man sintetik

Assalamu alaikum jama'a masu sauraro, musamman direbobi da masu motocin a-kori-kura tun daga Ngaundere har Kuseri.

Duk wanda ya tsaya gidan mai a Garwa ko Marwa ya ga galan-galan ɗin baƙin mai da aka rubuta wa sintetik, masu tsada fiye da wanda muka saba. Mai sayarwa zai ce maka in ka zuba shi ka huta da juye, wato vidanj a bakin makanikanmu. A tasha kuma za ka ji wani tsohon direba yana cewa kada ka kuskura, man nan yana cinye robobin injin. Ra'ayinmu a nan shi ne man yana da kyau, ya dace da zafin ƙasarmu, kuma mai mota zai iya juyensa da hannunsa a ƙofar gida. Alƙawarin hutawa da juye ne kawai ba da hanyoyinmu aka yi shi ba.

Man da muka saba, wanda ake kira mineral, daga ɗanyen mai ake tace shi, ƙwayoyinsa wasu manya wasu ƙanana. In zafi ya tsananta ƙananan sai su ƙafe, sauran su dafe su zama dauɗa mai kauri kamar kwalta. Sintetik kuwa an sarrafa ƙwayoyinsa har sun zo kusan girma ɗaya, shi ya sa yake jure wuta. Ku duba watan Maris da Afrilu, lokacin da zafin Garwa ke haura digiri 40, a ce Hilux ta ɗauko buhunan albasa tana jan tudun Mbe zuwa Ngaundere da giya ta biyu. Man da ke cikin injin nan ya wuce digiri 100. In motar mai turbo ce, sandar turbon tana juyawa sama da sau 100,000 a minti ɗaya, kuma da an kashe injin da zafinsa, man da ya tsaya a kanta yana iya ƙonewa ya zama gawayi. A nan ne sintetik ke biyan kuɗinsa.

Amma kalmar sintetik ita kaɗai ba ta isa a sayi galan ba, lambobi ake karantawa. A 15W-40, lambar farko mai harafin W tana faɗin yadda man ke gudu da sanyi, ta biyun kuma kaurinsa a digiri 100. Ke nan 5W-40 da 15W-40 ajinsu ɗaya idan injin ya yi zafi. Masu girgiza galan su ji 5W-40 kamar ruwa su ce ba zai riƙe injin ba, a sanyinsa suka gwada shi, kuma wannan saurin gudun shi ake so da asuba a Ngaundere lokacin hunturu, don mai ya kai saman injin da wuri. Sai ka juya bayan galan ka nemi rubutun API, wato alamar da ke nuna ajin ingancin man. Harafin C na injin gazuwal ne, kamar CH-4 ko CI-4, harafin S na injin fetur. Idan motarka ta hannu ce daga Turai mai matatar hayaƙi da ake kira DPF, ita mai ƙarancin toka take so, irin wanda aka rubuta wa ACEA C2 a galan, in ka zuba mata wani matatar za ta toshe. Littafin motar shi ne alƙali. Ga tsofaffin injunan gazuwal na Hilux irin 5L da 2KD a wannan zafi namu, mun fi natsuwa da mai da ya ƙare da 40.

Maganar tsohon direba tana da asali. Wasu man sintetik na farko a shekarun 1970 ba su jitu da robobin wancan zamani ba. Na yanzu ba haka suke ba. Abin da ke faruwa shi ne robar ta riga ta bushe ta tsage, dauɗa ce ta liƙe tsagar, sabon mai ya wanke dauɗar, yoyo ya bayyana. Don haka ka leƙa ƙarƙashin mota tukuna. In akwai jiƙa a gaban injin wajen fuli, ko tsakanin injin da akwatin giya, ko a bakin murfin sama, a sauya robar kafin a sayi mai mai tsada. Injin da ke fitar da shuɗin hayaƙi yana shan lita guda a kilomita 1,000, gyara yake nema, zuba masa sintetik asarar kuɗi ce.

Wata al'ada da muke roƙo a daina ita ce wanke cikin injin da gazuwal ko kananzir kafin a zuba sabon mai. Suna tsinka man da ke kare metal, wato ƙarafan da sandar injin ke juyawa a kansu, kuma suna ɓamɓaro dauɗa dunƙule-dunƙule ta je ta toshe rariyar famfon mai. Sintetik da mineral suna gaurayuwa lafiya, ɗan ragowar tsohon mai ba ya ɓata komai. In injin ya daɗe ba kulawa, zuba sabon, yi kilomita 3,000, ka sake juyewa tare da filta.

To ga aikin. Ka tanadi mai, da sabuwar filta, da sabon washa na noti, da sifana mai zobe lamba 14, da abin kwance filta, da mazurari, da roba mai cin lita 10. Injin gazuwal na Hilux yana cin wajen lita 7 zuwa 7 da rabi tare da filta, gwargwadon samfurinsa, na fetur mai 2.7 kuma wajen lita 5 da rabi, don haka galan ɗaya na lita 5 ba zai isa ba. Tayar da mota minti 5 zuwa 10 man ya yi ɗumi, ka tsayar da ita a wuri mai daidai, ka ja birkin hannu, ka tokare tayoyi da duwatsu. A-kori-kura tana da tsayin da mutum zai shiga ƙarƙashinta ba ɗagawa. In dole sai an ɗaga, don Allah kada kowa ya kwanta ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita.

Cire farantin ƙasa in akwai, buɗe murfin zuba mai na sama, ka kwance notin tukunyar mai, ka janye hannu da sauri don man na ƙuna. Bar shi ya tsiyaye minti 15 ko 20. Sa sabon washa, ka fara ɗaura notin da yatsu har ya zauna, sannan sifana. Ƙarfin ɗaurinsa bai wuce niyuton-mita 35 zuwa 40 ba, wato jan hannu ɗaya da gajeriyar sifana. Masu zura bututu a sifana don ya ɗauru da kyau su ne ke cinye zaren tukunya.

Wajen filta akwai kuskuren da ke kashe injin cikin mintuna. Idan ka kwance tsohuwar, duba ko zoben robarta ya fito tare da ita. Wani lokaci yana manne a jikin injin, a ɗaura sabuwa a kansa, roba biyu su haɗu, da mota ta hau titi mai ya fashe ta tsakaninsu ya ƙare ƙaf. Goge wurin, shafa ɗan sabon mai a zoben sabuwar, ɗaura da hannu har robar ta taɓa, ka ƙara kashi uku cikin huɗu na zagaye. Zuba mai ka rage kamar rabin lita, tayar da injin ba tare da taka totur ba, ka zuba ido ga fitilar mai. Cikin 'yan daƙiƙu ya kamata ta mutu, in ta ƙi, kashe injin nan take. Bayan minti biyu kashe, jira minti 5, ka zaro sandar awo ka cika zuwa kusa da alamar sama. Kada ya haura ta. Mai in ya yi yawa ƙarfen cikin injin na kaɗa shi ya yi kumfa, kumfa kuwa ba ta riƙe ƙarfe.

In ka ga man ya yi baƙi bayan kwana biyu kada hankalinka ya tashi, haka injin gazuwal yake, man ne ke ɗauke da baƙin hayaƙi.

Yanzu batun tazarar juye, inda muka saɓa da mai sayarwa. Doguwar tazarar da ake talla da ita an auna ta ne a kan kwalta mai kyau da gazuwal mai tsabta. Mu kuwa muna da ƙurar hunturu daga Disamba zuwa Fabrairu, da hanyoyin jar ƙasa na ƙauyuka, da man bakin hanya irin su zuwa-zuwa wanda ba wanda ya san abin da aka gauraya masa. Farar wuta da ke cikin gazuwal tana zama asid a cikin baƙin mai, ƙura kuma tana zama kamar yashin goge ƙarfe, kuma tsadar mai ba ta fitar da ko ɗaya daga cikinsu. Motar da ke shiga daji da kaya, mu dai shawararmu kada ta wuce kilomita 5,000 zuwa 7,000. Mai bin kwalta tsakanin Garwa da Marwa yana shan mai a gidan mai na iya kaiwa 10,000 in littafinsa ya yarda. A duba filtar iska a kowane juye, don ƙurar ta nan take shiga.

Sai pon, wanda 'yan'uwanmu na Najeriya ke kira bak aksul, wato ƙullutun nan da ke tsakiyar ƙafafun baya. Shi ne maraya a jikin mota, sai ya fara kuka ake tunawa da shi, alhali shi ke ɗauke da nauyin kaya. Haƙoran cikinsa gugar juna suke yi da matsi mai tsanani, shi ya sa yake buƙatar mai mai lambar GL-5, wanda aka sa wa farar wuta, kuma ita ce ke ba shi warin nan kamar ruɓaɓɓen ƙwai. A madadin 80W-90 ko 90 na da, sintetik ɗinsa shi ne 75W-90, sababbin Hilux kuma 75W-85 littafinsu ke nema. A kiyaye, kada a ce tunda an saya bari a zuba ragowar a akwatin giya. Akwatuna da yawa GL-4 suke so, saboda akwai zobban tagulla a ciki da sinadarin GL-5 ke iya ci, giya ta fara gardamar shiga.

Akwai pon mai faranti a ciki da ake kira LSD, wanda ke hana taya ɗaya juyawa ita kaɗai a laka. Sau da yawa akwai takarda manne a jikinsa. In ta goge, ɗaga ƙafafun baya biyu a kan matokara, sa giya a firi, ka juya taya ɗaya da hannu. In ɗayar ta bi ta gefe guda, LSD ne. In ta juya baya, na yau da kullum ne. Mai LSD sai man da aka rubuta wa LS, in ba haka ba za ka ji yana kakkarwa duk sanda ka sha kwana a hankali.

Pon yana da noti biyu, na zubawa a tsakiya, na juyewa a ƙasa. Na zubawa ake fara kwancewa, kullum. Wanda ya fara da na ƙasa, mai ya zube, na sama ya ƙi motsi, ya ajiye motarsa ke nan har sai an zo da walda. A Hilux lamba 24 ne, kuma kan notin gajere ne, sai soket mai kusurwa shida, ka goge lakar da ke kai ya zauna sosai. Yi aikin bayan 'yar tafiya, man ya saki. Notin ƙasa yana da maganaɗisu, ka duba shi da kyau. Laushin toka-toka kamar kwalli ba komai, gugar yau da gobe ce. Ɓarɓashin ƙarfe da yatsa ke ji kamar tsakin gero, wannan haƙori ne ko boris ke ci, sabon mai ba zai warkar da shi ba, a kai wa makaniki.

Kalar man ma tana magana. In ya fito kamar shayi da madara, ruwa ya shiga, kuma wannan ciwon yankinmu ne. A saman pon akwai ɗan ƙaramin mashaƙin iska mai hula. Mota ta yi tafiya pon ya yi zafi, ta faɗa mayo, wato rafi, da damina ko ambaliyar Logon wajen Yagwa, ƙarfen ya huce farat ɗaya, ya zuƙo ruwa ta wannan ƙofa. In kuma laka ta toshe mashaƙin, iskar ciki ta rasa mafita, sai ta tura mai ta robobin gefe ya jiƙa takalman birki. Kwance mashaƙin ka wanke da fetur, ka tabbata hularsa na motsi. Masu yawan tsallake ruwa su sa masa tiyo su ɗaure bakinsa can sama a ƙarƙashin bodi. Yawanci kilomita 40,000 ake ba man pon, amma wanda ya sha ruwa ranar da aka gani ake juye shi, ko jiya aka zuba.

Mayar da notin ƙasa da sabon washa, ƙarfinsa wajen niyuton-mita 49. Pon na baya yana cin tsakanin lita 2 da rabi zuwa 3 da rabi, na gaba a mota mai jan ƙafa huɗu wajen lita 1 da rabi, shi kuma yawanci makulli mai kusurwa shida lamba 10 ke buɗe shi. Da ɗan famfon hannu ake zubawa, ko doguwar tiyo da mazurari wani ya riƙe daga gefen taya. Ma'auninsa ramin ne da kansa: da mai ya fara dawowa ta bakin ramin, ya cika. Amma sai motar na tsaye daidai, in gabanta ya yi ƙasa ko sama awon ya ɓaci.

Jabun mai ya yi yawa a kasuwa, kuma galan mai tsada shi aka fi cikawa da tsohon mai da aka tace. Saya a gidan mai ko wurin dillalin da aka sani, duba hatimin murfi, in ka gama kuma ka huda galan ɗin kafin ka yar. Tsohon man a zuba shi a jarka a kai gareji ko gidan mai da ke karɓa. Kada ya shiga kwata ko mayo ko kusa da rijiya, kada kuma a shafa wa dabba a ciwo kamar yadda wasu ke yi, akwai guba a cikinsa.

A daren farko shimfiɗa kwali ƙarƙashin injin da pon, da safe ka duba ko ɗigo ya sauka, ka sake zaro sandar awo. Rubuta kilomita da kwanan wata da lambar man a takarda ka liƙa a jikin ƙofar direba. Bayan tafiyar farko mai nisa, kai bayan hannu kusa da pon ka ji zafinsa, ka duba notuna biyun da cikin tayoyin baya ko akwai jiƙa.