Amsoshin Tambayoyinku: Abin taɓawa kafin tukunya ta sauka

Mai gabatarwa: Jama'a, barkanku da warhaka. Takardu sun taru, lokaci kuma ƙanƙane, sai mu hanzarta. Tare da ni akwai Hajiyarmu, wadda ta daɗe tana tuya a ƙofar gidanta nan cikin Maraɗi. Hajiya, barka da zuwa.

Hajiya: Barka kadai, ɗana.

Mai gabatarwa: Wani magidanci daga Tibiri yana tambaya ko dafaffen ƙwai ya isa ɗan lakwal guzuri. Ya isa ya riƙe shi zuwa tashi, Malam, minti 10 ne a tafasasshen ruwa. Amma kai da ka rubuto takardar, kai za ka sayo ƙwan, kada a bar wa uwargida.

Ga tambayar da ta fi yawa, daga unguwannin Zariya da Bagalam, har Madarunfa. Wata uwa ta ce ɗiyanta huɗu na tasowa lakwal da tsakar rana, tukunya ba ta sauka ba, sai kuka da rikici. Tana ba kowa dala goma, su ƙarar wajen alewa da biskit, yunwar na nan. Me za ta yi da sauri, mai gishiri, mai riƙe ciki? Hajiya, bismilla.

Hajiya: Ai mu a zamaninmu, wa ya san biskit? Wake munka sani. Wake kuma na da, in ka surfa shi, ƙanshi har zaure. Yanzu ka kai niƙa, mai inji ya gama niƙa hatsin wata ya zuba naki bai share ba, ƙullu ya fito...

Mai gabatarwa: Hajiya, yaran na can na kuka fa.

Hajiya: To, ina zuwa ai! Abin da ke ɓata lokaci a ƙosai surfe ne da zuwa inji. Sai ki yi shi sau ɗaya. Ranar da babu lakwal ki surfa tiya guda, ki wanke, ki shanya ya bushe ƙarau, a niƙo miki gari, ki zuba cikin roba mai murfi. Ranar buƙata ki ɗebi kofi biyu, ki dama da ruwan ɗumi, ki bar shi kamar minti 20 ya sha ruwa. Sannan ki buga. Bugun nan shi ne ƙosai. Ki ɗiga kaɗan cikin ruwa, in ya taso sama ya bugu. Sai albasa, tonka kaɗan don yara ne, gishiri a ƙarshe dab da tuya.

Mai gabatarwa: Bari in maimaita don mai wanke-wanke da ba ta ji ba. Surfe da niƙa sau ɗaya, a aje gari busasshe. A dama, a jira minti 20, a buga har ya taso a ruwa, gishiri daga baya. A bushe shi sosai fa, gari mai laima fumfuna yake yi.

Hajiya: Garin nan kuma shi ne ɗan wake. Ki haɗa da garin rogo, kuka, ɗan ruwan kanwa, ki jefa a tafasasshen ruwa. In ya taso ki ƙara masa ɗan lokaci ki tsame, mai da yaji, shi ke nan. Kanwa kaɗan, kada ki cika ta.

Mai gabatarwa: Ni dai a ra'ayina, ranar da gawayi ya ƙare, kwaɗo ya fi komi. Garin rogo, dakakken ƙuli-ƙuli, albasa, tumatir, ɗan mai. In akwai dafaffen zogalen Jiratawa a zuba. Babu wuta, babu hayaƙi. Muna zaune garin gujiya, a ce ɗanmu na kuka da yunwa a kan biskit? Haba dai.

Sai dai ga kashedi, kuma likitoci ne ke yin shi. Gujiyar da ta yi fumfuna ko ɗaci tana ɗauke da guba mai lahanta hanta, kuma suya ba ta kashe ta. A tsince a zubar, kada a ce asara ce. Na sake faɗi, suya ba ta kashe ta. Ƙananan yara da ba su kai shekara 4 ba kuma, a daka musu, kada a ba su ƙwaya, tana shaƙe su.

Wata ƴar makaranta ta ce awararta na wargajewa a mai. Hajiya, a taƙaice don Allah.

Hajiya: Ba ta matsu ba. Ta ɗora dutse bisa ƙyallen ta jira ruwan ya tsane, mai kuma ya yi zafi kafin ta saka. Yaran yanzu gaggawa.

Mai gabatarwa: Kin ji, ƙanwata. Mai tambaya daga Gidan Runji kan man tuya da ya yi baƙi yana kumfa: a zubar. Wadda ta tambayi wainar fulawa kuma, ga mai kula da na'ura na nuna mini agogo, takardarki ita ce ta farko mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Hajiya, mun gode.

Hajiya: Ban ma gama zancen mai injin nan ba.