Bloomsday: Ranar da Ayalan ke tura marubutanta yawon duniya

Assalamu alaikum masu kallo, barkanmu da warhaka.

Ku dubi wannan taron da kyau. Ga mutum tsaye a bakin titi, malafa a kai, kwat mai ratsi-ratsi irin ta zamanin kakanni a jiki, ya buɗe wani ƙaton littafi yana karantawa da ƙarfi, jama'a sun kewaye shi kamar mai tallan magani ranar kasuwa. Nan birnin Philadelphia ne a Amurka. Wannan kuma Trieste ne a Italiya. Ga wani taron a Szombathely, wani ƙaramin birni a yammacin Hungari. Duk rana ɗaya ake yi, 16 ga watan Yuni.

Ba don tunawa da cin wani yaƙi ko samun 'yancin kan wata ƙasa ake wannan taro ba. Yinin wani mutum ake tunawa, mutumin da ba a taɓa haifa ba. Sunansa Leopold Bloom, mai nemo wa jarida tallace-tallace, kuma a cikin littafi kaɗai yake zaune. Daga sunansa aka samo sunan bikin, Bloomsday, wato ranar Bloom.

Littafin shi ne Ulysses na James Joyce, haifaffen Dublin, babban birnin Ayalan. Shafi sama da 700 ne, babi 18, amma duk abin da ke ciki ya faru ne a yini guda, ranar Alhamis 16 ga Yuni, 1904. Bloom ya tashi da safe, ya je wajen mahauci ya sayo ƙoda ya soya, ya kai wa matarsa Molly shayi har kan gado, ya halarci jana'iza, ya leƙa ofishin jarida, ya ci abincin rana, ya yi ta gararamba a gari har tsakar dare ta wuce, sannan ya koma gida. Shi ke nan labarin. Abin da ya sa littafin ya girgiza duniyar adabi shi ne Joyce ya shiga cikin kan mutumin ya kwashe duk saƙe-saƙen zuciyarsa, mai kyau da maras kyau, ya zuba a takarda yadda suke zuwa. Babin ƙarshe, inda Molly ke kwance tana tunani, jimloli 8 ne kacal masu cin shafuka da yawa, kusan babu waƙafi babu aya.

Me ya sa 16 ga Yuni? Ranar ce Joyce ya fara fita zance da Nora Barnacle, wata budurwa 'yar Galway mai aiki a otal. Watanni huɗu bayan haka suka tattara suka bar ƙasar tare.

A nan labarin ya fara daɗi. Joyce bai rubuta littafin nan a Dublin ba. A ƙarshen shafin ƙarshe ya sa sunayen garuruwa uku da ya yi aikin a cikinsu, Trieste da Zurich da Paris, daga 1914 zuwa 1921. Tun 1912 bai ƙara taka ƙasarsu ba har ya mutu. Yana can uwa duniya, ido na ciwo, bashi ya yi masa katutu, amma hankalinsa na kan lungunan garinsu. Ya riƙa aika wa gwaggonsa Josephine wasiƙu yana tambayarta ƙananan abubuwa. A wata wasiƙar ya nemi ta gaya masa ko mutum mai matsakaicin ƙarfi zai iya haura shingen ƙarfen gida mai lamba 7 a titin Eccles ya dira ƙasa ba tare da ya ji ciwo ba, don yana so Bloom, wanda ya manta makullinsa, ya shiga gida ta nan. Ka ji ƙwaƙƙwafi. An ruwaito yana cewa da Dublin za ta ɓace rana ɗaya, da littafinsa za a iya sake gina ta.

Wata Ba'amurkiya mai kantin littattafai a Paris, Sylvia Beach, ita ta yi ƙundunbalar buga shi ranar 2 ga Fabrairu, 1922, ranar da Joyce ya cika shekara 40. Kwafi 1,000 aka fara bugawa. Amurka ta hana shi shiga bisa zargin batsa sai a 1933 da wani alƙali, John Woolsey, ya ɗage haramcin. A Ingila sai 1936. A Ayalan kuwa ba a taɓa sa shi a jerin haramtattu a hukumance ba, amma samunsa a kanti ya zama aiki, kuma masu faɗa-a-ji sun ɗauke shi abin kunya. Da Joyce ya rasu a Zurich ranar 13 ga Janairu, 1941, gwamnatin ƙasarsa ba ta tura kowa jana'izarsa ba, alhali tana da wakili a Suwizalan. Wani jami'in diflomasiyyar Birtaniya ne ya je.

Kuma ba shi kaɗai ya sha wannan ba. Tun 1929 ƙasar ta kafa dokar tace littattafai mai tsauri. An haramta littafin Edna O'Brien na farko a 1960. John McGahern ya rasa aikinsa na koyarwa bayan an haramta nasa a 1965. Samuel Beckett ya yi zamansa a Paris, har da Faransanci ya rubuta wasan kwaikwayon da ya fito da sunansa. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Bikin Bloomsday na farko a Dublin an yi shi a 1954, kuma abin dariya ne. Wasu 'yan tsirarun marubuta, cikinsu da mawaƙi Patrick Kavanagh da Flann O'Brien da Anthony Cronin da John Ryan, suka yi hayar keken doki guda biyu. Suka taru a tsohuwar hasumiyar tsaro ta Sandycove a bakin teku, inda littafin ya fara, da niyyar bin sawun Bloom har dare. Ba su kai rabi ba. Shaye-shaye da gardama suka cinye tafiyar, aka watse a wata mashaya mai suna Bailey. Akwai ɗan guntun fim na wannan rana har yanzu.

Daga wannan shiririta abu ya girma. Yau in ka je Dublin a tsakiyar Yuni, ka nemi wani ɗan kanti mai suna Sweny a Lincoln Place. A cikin littafi nan Bloom ya shiga ya sayi sabulu mai ƙanshin lemon tsami, ya yini da shi a aljihu. Kantin ya daina sayar da magani a 2009, sai 'yan sa-kai suka karɓe shi suka bar shi yadda yake: kantocin katako, tsofaffin kwalabe masu ƙura, ƙunshe-ƙunshen magani a takarda da masu su ba su taɓa dawowa karɓa ba. Ana zama a ciki, gwiwa na gugar gwiwa, ana miƙa littafi hannu zuwa hannu, kowa ya karanta shafi, wata rana da Turanci, wata rana da wani harshen. In za ka fita ka sayi sabulun. Da cinikinsa da gudummawar baƙi ake riƙe wurin.

To amma yaya aka yi bikin wani gari ya tsallaka teku?

Dalili na farko mutane ne. Tsakanin 1845 da 1852 cutar da ta kama dankalin Turawa ta jawo yunwar da ta kashe kusan mutum miliyan ɗaya a tsibirin, wasu kusan miliyan ɗaya suka yi hijira, kuma hijirar ba ta tsaya ba sama da shekara ɗari. A ƙidayar 2022 mutanen Jamhuriyar Ayalan miliyan 5 ne da 'yan kai, alhali a Amurka kaɗai sama da miliyan 30 ke cewa asalinsu can ne. Duk inda ka kafa rumfa ka ce yau za a yi abin gida, akwai masu zuwa. Shi ya sa faretin ranar Saint Patrick, waliyyin Kiristocin Ayalan, da ake yi 17 ga Maris, ya girmi ita kanta Amurka a birnin New York, tun 1762 ake yinsa. A Chicago tun 1962 ake rina kogin gari ya koma kore. A makon wannan biki ministocin Ayalan kan watsu ƙasashe daban-daban, firaminista kuma ya nufi fadar White House da kwanon shamrock, ɗan ganyen da ke alamar Ayalan.

Na biyu, kowane gari ya nemo igiyar da ta ɗaure shi da littafin. Philadelphia na da rubutun hannu na Ulysses a gidan tarihi na Rosenbach, don haka ake rufe titin da ke gabansa a yini ana karatu. Trieste na tinƙaho da cewa a can Joyce ya yi shekara goma da wani abu yana koyar da Turanci, har sun kafa mutum-mutuminsa a kan gada, yana tafe da littafi a hammata. Wanda ya fi ba ni dariya shi ne na Hungari. A cikin littafi an ce mahaifin Bloom, wani Bayahude mai suna Virag, daga Szombathely ya fito. Mutumin ƙage ne, ɗansa ma ƙage ne, amma tun 1994 garin ke biki a kansu kamar 'yan gari na haƙiƙa. Fassara ma ta taimaka. Wani malamin Masar, Taha Mahmoud Taha, ya fitar da shi da Larabci a 1982, na Sinanci kuma ya fito a 1994.

Na uku, kuma a ganina shi ne sirrin, bikin ba shi da tsada. Ba ya buƙatar filin wasa ko ƙungiyar makaɗa. Littafi, kujeru, da mai murya. Ranar ba ta canzawa, kowa ya san ta. Tun daga 2012 da haƙƙin mallakar rubuce-rubucen Joyce ya ƙare a Tarayyar Turai, ko izini ba a nema. Kafin nan jikansa Stephen ya sha hana ruwa gudu, yana barazanar kai masu karatu a bainar jama'a kotu.

Sai ita gwamnatin Ayalan, wadda ta farga a makare amma da ta farga ba ta yi sanya ba. A 1969 ta yafe wa marubuta da masu zane da mawaƙa haraji a kan kuɗin da suka samu daga fasaharsu. A 1993 fuskar Joyce ta hau takardar fam 10. A 1994 aka kafa wata hukuma da ke biyan wani ɓangare na kuɗin fassara ga duk kamfanin ɗab'i na waje da ke son buga marubucin Ayalan, yanzu sunanta Literature Ireland. A 2002 tsohuwar kwalejin limaman Ayalan da ke Paris ta koma cibiyar al'adu, da ɗakunan da masu fasaha ke sauka su yi aiki. A 2005 aka kafa Culture Ireland, aikinta ta ɗauki nauyin tafiyar 'yan wasan kwaikwayo da makaɗa da marubuta zuwa bukukuwan ƙasashen waje. Ofisoshin jakadancin ƙasar kuma kan shirya karatu su raba littattafai a lokacin Bloomsday. Har jirgin ruwan yaƙi suka raɗa wa sunan Joyce, wani kuma Beckett. Joyce ɗin da aka ƙi zuwa jana'izarsa ke nan.

Lissafin a fili yake. Ƙasa ce ƙarama, ba ta da rundunar da za ta tsorata kowa. Amma tana da mutum huɗu da suka ci kyautar Nobel ta adabi: W. B. Yeats a 1923, George Bernard Shaw a 1925, Beckett a 1969, Seamus Heaney a 1995. Da abin da kake da shi kake zuwa kasuwa. Kuma kayan sun iso har nan, ko ba mu lura ba. Duk wanda ya karanta Things Fall Apart na Chinua Achebe a sakandare, sunan littafin daga wani baitin Yeats aka ɗauko shi. Ofishin jakadancin Ayalan na farko a Afirka kuwa a Legas aka buɗe shi a 1960.

Sai dai ina da ƙorafi biyu. Na ɗaya, kusan duk wannan kayan da ake fitarwa da Turanci ne, harshen waɗanda suka mallake su. Harshensu na gado, Gaeilge, shi ne na farko a tsarin mulki, ana koyar da shi a makaranta, amma a ƙidayar 2022 kimanin mutum 72,000 ne suka ce suna magana da shi kullum a wajen aji. Na biyu, da yawa daga masu sa malafar nan ba su karanta littafin ba, wasunsu ma suna faɗa da bakinsu suna dariya. Wannan bai dame ni sosai ba, don littafin ya fi shiga ta kunne. A 1982 gidan rediyon ƙasar ya karanta shi kaf ba tsayawa, aka shafe kusan sa'a 30, kuma wanda ya saurari ko da rabin sa'a zai ji barkwancin da ido ke tsallakewa a takarda.

A 2019 wasu kansilolin Dublin suka kawo shawarar a tono ƙasusuwan Joyce a dawo da su gida kafin littafin ya cika shekara 100. Masana a Zurich suka ce sam, marubutan gida da dama ma suka yi tir da abin, magana ta bi ruwa. Yana nan a maƙabartar Fluntern, a kan tudu, Nora a gefensa, da mutum-mutuminsa na tagulla zaune ya harɗe ƙafa da sanda a jingine. Gidan namun daji na garin yana dab da wurin. An ce Nora ta ji daɗin hakan, don a cewarta mijinta mutum ne mai son jin rurin zaki.