Manzanni Ma Sun Yi Saɓani, Littafi Kuwa Bai Ɓoye Ba

Masu sauraro, abin da ya tunzura ni yin wannan sharhi shi ne wani wa'azi da na ji kwanan nan, inda mai wa'azin ya rantse ya maya cewa ikkilisiya ta farko ba ta taɓa sanin gardama ba, saboda haka duk wanda ya tambayi dattawa yadda aka kashe kuɗin baikon da masu bi ke bayarwa a ikkilisiya ya zama maƙiyin haɗin kai. Hujjarsa ita ce Ayyukan Manzanni 4:32, inda aka ce masu bi zuciyarsu ɗaya ce, ransu ɗaya. Ayar gaskiya ce, amma da ya daure ya buɗe shafi biyu gaba, da ya ji kunyar abin da ya faɗa.

A sura ta 6 Yahudawa masu jin Helenanci suka yi gunaguni cewa ana tsallake gwaurayensu mata wajen rabon abinci na kullum. Manzanni ba su ce musu su yi shiru ba. Sun tara jama'a, aka zaɓi mutum 7, har da Istifanus da Filibus, aka danƙa musu aikin. Ƙorafi ne ya haifi gyara, kuma Luka, marubucin Ayyukan Manzanni, ya rubuta shi bai ɓoye ba.

Sai batun kaciya, wanda ya kusa tsaga ikkilisiya gida biyu. Wasu suka zo Antakiya daga Yahudiya suna koyar da cewa ba ceto ga al'ummai, wato waɗanda ba Yahudawa ba, sai an yi musu kaciya, Bulus da Barnaba suka ja daga, aka kai magana Urushalima wajen shekara ta 49, aka yi muhawara mai tsawo kafin Yakubu, jagoran ikkilisiyar Urushalima, ya yanke shawara aka rubuta wasiƙa. A Antakiya ɗin kuma, kamar yadda Bulus da kansa ya shaida wa Galatiyawa a sura ta 2, Bitrus ya daina cin abinci da al'ummai da zuwan mutanen Yakubu, Bulus ya tsawata masa ido da ido a gaban kowa, ya kira abin munafunci, ya ce har Barnaba ya bi sahu. Bitrus fa, babba a cikin manzanni! Ina mai wa'azinmu zai ajiye wannan?

Wanda ya fi taɓa ni shi ne rabuwar Bulus da Barnaba. Barnaba ne ya tsaya wa Bulus a Urushalima lokacin da almajirai ke tsoronsa, shi ne ya je Tarsus ya nemo shi, tare suka sha wuyar tafiyar bishara ta farko. Amma da aka zo tafiya ta biyu, Barnaba ya ce a tafi da Markus, ɗan'uwansa, Bulus ya ce atafau ba za a ɗauki wanda ya yashe su a Bamfiliya ba. Gardama ta yi zafi har suka raba gari: Barnaba ya ɗauki Markus zuwa Kubrus, Bulus ya zaɓi Sila suka ratsa Suriya da Kilikiya. Luka bai ce wane ne ke da gaskiya ba, ko da yake ni dai ina ganin Bulus ya yi gaggawar yanke wa yaro ƙauna.

Masu cewa tono waɗannan labarai yana raunana bangaskiya, su kai ƙararsu wurin Luka da Bulus, domin su suka rubuta. Ba wanda ke yabon ɓangaranci, Bulus ma ya tsawata wa Korintiyawa da suka kasu, wannan na Bulus, wancan na Afolos, wani na Kefas, wato Bitrus. Amma hana tambaya daban, haɗin kai daban, kuma wanda ya gauraya su ko dai bai karanta ba, ko kuwa yana da abin ɓoyewa. Manzanni sun yi gardama a fili, sun rubuta a fili, har Markus ɗin da aka ƙi ya sake bayyana a wasiƙar Bulus zuwa ga Filimon cikin abokan aikin Bulus, sa'an nan a wasiƙa ta biyu zuwa ga Timoti aka ce a taho da shi, domin yana da amfani wajen hidima.